Shaidar yara a gaban alƙali: fiƙihu da doka a ƙauyukan Hausawan Sudan

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar kogin Bahar Azraƙ, irin su Maiwurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, sau da yawa abu kan faru a wurin kiwo ko bakin ruwa, yara kaɗai ke nan. Ana karɓar maganarsu a kotu?

Mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin ke bi, ta amince da shaidar yara a kan junansu a batun rauni da kisa, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa sharaɗi: a ji ta bakinsu kafin su watse, kuma kafin babba ya shiga tsakaninsu. Mukhtasar na Halil ya ƙara cewa su kasance maza masu wayo, biyu ko fiye, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Dalili shi ne yaro kan riƙe abin da ya gani, amma yana da saurin ɗaukar abin da aka sa masa a baki.

Dokar shaida ta Sudan ta 1994 ta karɓi duk mai hankali da ke iya tantance abin da yake shaida a kai. Dokar yara ta 2010 kuma ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta tanadi kotunan yara. A Najeriya, dokar 2011 ta ce ɗan ƙasa da shekara 14 ba ya rantsuwa, kuma ba a kama mutum da laifi da maganarsa kaɗai.

Masu nazarin halayyar yara sun gano cewa tambayar "faɗa mini abin da ya faru" ta fi fito da gaskiya a kan tambayar da ke ɗauke da amsarta. A shari'ar Outreau a Faransa, an wanke mutum 13 a 2004 da 2005, alhali wasu yaran an ci zarafinsu da gaske.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, yaran Jazira sun ga abubuwa da yawa. Darajar shaidarsu gobe ta dogara da wanda ya fara tambayarsu, da yadda ya tambaya.