Kifin da Aka Saki: Nazari a kan Wata Waƙar Ƙidaya ta Yara

Akwai wata waƙar Turanci da ake rerawa a makarantun renon yara daga Kano har Birnin Kebbi. Yaro zai ƙidaya daga 1 zuwa 5 ya ce ya kama kifi da ransa, ya ƙidaya daga 6 zuwa 10 ya ce ya sake shi. Sai a tambaye shi dalili, ya ce cizonsa ya yi. A tambaye shi a wane yatsa, ya ɗaga ƙaramin yatsan hannun dama. Malamai da yawa na ɗaukarta waƙar koyon lamba ce kawai. A ganina lambobin su ne mafi ƙarancin abin da ke cikinta, kuma yadda muke koyar da ita na kashe ɓangaren da ya fi amfani.

Tarihinta ma ya nuna haka. An fara buga ta a Ingila wajen 1765 cikin littafin Mother Goose's Melody, kuma a lokacin zomo aka kama, baiti ɗaya ne, babu tambaya. Aikinta irin na waƙoƙin fidda gwani ne, inda ake nuna yara ɗaya bayan ɗaya har kalmar ƙarshe ta faɗa kan wani. Siffar da muka sani yau ta samo asali ne daga waɗanda Henry Bolton ya tattara a Amurka, wanda ya wallafa littafinsa kan irin waɗannan waƙoƙi a 1888. Ke nan sai bayan fiye da ƙarni guda zomo ya koma kifi, ƙidaya ta haifi hira.

Hirar nan ita ce darajar waƙar. Tambaya ta farko tana neman sababi, ta biyu tana neman takamaiman wuri, amsar kuma tana tilasta wa yaro ya bambance dama da hagu a jikinsa. Amma duk wannan ba ya yiwuwa sai yaro ya san tambaya ake yi masa. A ajin da yara talatin ke rera tambaya da amsa da murya ɗaya, cikin harshen da ba su ji, hadda ake yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko na yankinsu. An daɗe ana karanta wannan a takarda.

Wani zai ce hadda ba laifi ba ce, ai da ita muka tashi a makarantar allo, fahimta kuma daga baya take zuwa. Gaskiya ne ga nassin da ake so ya zauna ba canji. Waƙar wasa kuwa rayuwarta na cikin sauyawa, shi ya sa ma zomo ya iya zama kifi.

A gwada ba ɗan Sarkawa na Argungu ko Yawuri labarin nan da Hausa, a ga irin tambayoyin da za su fito. Da me aka kama shi, fatsa ko homa ko birgi? Wane kifi ne? Shi ya san tsage ne mai haƙora, kurungu da ƙaya yake suka, minjirya kuwa girgiza mutum take yi. In an ce karfasa ce ta yi cizon, dariya zai yi. Sakin kifi ma ba baƙon abu ba ne a wurinsa, don ya ga ana barin ruwa ya huta: ba a shiga kogin Matan Fada a yi su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma a kan wannan ƙa'ida bikin Argungu yake tafiya, bikin da ake danganta farkonsa da 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Malamar da ke da irin wannan yaro a ajinta na iya barin lambobin yadda suke, ta raba ajin gida biyu, wasu su tambaya wasu su amsa, ta kuma ƙyale amsar ta canza daga baki zuwa baki. Yau tsage ne ya ciji babban yatsa, gobe tarwaɗa ce ta sulluɓe saboda santsi.