Shekarar da Aka Rufe Waya a Ƙasar Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana kuwa da babban dajin nan na Kamuku. Da 'yan fashi suka mai da dajin mafaka, sai makarantu suka shiga uku. A watan Maris na 2021 suka faɗa wa makarantar firamare ta Rama, suka tafi da malamai uku. A watan Yuli kuma suka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga wata makarantar sakandare a ƙasar Chikun, maƙwabciyarta.

To, a ƙarshen watan Satumba sai Gwamnatin Jiha ta sa aka katse layin waya a waɗansu sassa, har da Birnin Gwari. Hujjarta ita ce, da waya ne masu kai wa ɓarayi rahoto suke aiki, da ita kuma ake cinikin fansa. Amma fa wayar da mugu yake kira da ita, ita ce manomi yake neman agaji da ita. Mahara suka zo, babu hanyar sanar da soja. Uwa tana gari, ba ta jin labarin ɗanta na ƙauye. Jama'a suka yi ta kuka, har aka buɗe layin a ƙarshen Nuwamba.

A shekarar nan dai Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter tun daga watan Yuni, ba ta buɗe ba sai Janairun 2022. Daga baya kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce rufewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa wannan 'yanci a sashe na 39, sa'an nan sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin tsaron jama'a da tarbiyya, muddin ba a wuce gona da iri ba.

Waɗansu ƙasashe sun bi wata hanya. A 2024 Ostareliya ta kafa dokar hana yaro ɗan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalin zumunta, ta ɗora nauyin a kan kamfanoni, ta bar manya da bakinsu.

Abin da Birnin Gwari ta gani ke nan: tsare yaro wajibi ne, amma in yaro yana wasa a bakin rijiya, murfi ake yi mata, ba a cike ta a bar gari da ƙishirwa.