Tarihin Ƙera Sassan Mota da Hannu a Ƙasar Hausa

Ƙera sassan mota da hannu sana'a ce ta masu walda, masu gyaran jikin mota da maƙera. Su ne ke yanka ƙarfe, su lanƙwasa, su fitar da abin da ya karye a mota ko ya yi wuyar samu a kasuwa, kamar hinjis ɗin bonet, maƙalin ƙofa, mazaunin batir da bodin ɗaukar kaya. Ana yin ta a manyan kasuwanni irin su Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana kuma yin ta a ƙananan garejin da ke bakin titin Gusau zuwa Sakkwato.

Asali

Tushen sana'ar yana maƙera. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa na narka tama su fitar da ƙarfe. Maƙeran baƙi na ƙera fartanya, garma, gatari da linzami, maƙeran fari na yin kayan ado, Sarkin Maƙera kuma na shugabantar su a fada. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai ƙarfen waje da tsofaffin ƙarafa suka wadata, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Daga baya maƙera suka gano ingancin sifirin ɗin babbar mota, suka riƙa sayen karyayye suna ƙera gatari da adda. Ta haka maƙeri ya san ƙarfen mota tun kafin mai mota ya zo neman taimakonsa.

Zamanin bodin katako da Fijo

A shekarun cinikin gyaɗa da auduga, akan shigo da babbar mota daga ita sai inji da gindi, a ɗora mata bodi a gida. Kafinta ya haɗa katako, mai ƙarfe ya yi masa ɗamara da maƙalai. Motocin Bedford da Mercedes 911 masu bodin katako sun daɗe suna jigila a hanyoyin Arewa.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa Fijo 504 a Kakuri ta Kaduna, daga baya kuma aka buɗe masana'antar manyan motocin Fiat a Kano da ta Steyr a Bauchi. A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, aikin madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ya kawo manyan injuna da motoci masu buƙatar gyara kullum.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabbin sassa suka fi ƙarfin talaka. Kasuwa ta koma ga kayan Beljiyam, wato tsofaffin sassan da ake shigowa da su daga waje, abin da ba a samu ba kuma sai a ƙera. Direban da ke ɗauko hatsi daga ƙauyuka irin su Damaga zuwa kasuwar Talata ba zai ajiye mota ya jira kaya daga Legas ba, alhali ga mai walda a bakin tasha.

Yadda ake ƙera hinjis ɗin bonet

Motocin farko suna da bonet mai fiffike biyu, hinjis na bin tsakiya. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka koma bonet guda mai ɗagawa daga gaba. Wannan ya fi wuyar aiki, domin dole gindin bonet ya ɗan tashi yayin buɗewa, in ba haka ba ya daki jikin motar da ke ƙasan gilashi.

Gwani ba ya fara da ƙarfe. Kwali yake yankawa, ya soke shi da ƙusa a inda yake zaton mahaɗar za ta zauna, ya juya ya gani. Sai siffar ta gamsar da shi zai zana ta a kan farantin ƙarfe mai kauri, ya haɗa na dama da na hagu ya huda su tare, don kada wani ya saɓa wa wani. Yana ɗiga walda kaɗan-kaɗan, yaran gareji biyu na riƙe da bonet, ana ɗagawa ana saukewa, shi kuma yana bin tazarar gefe da yatsa. In ta daidaita, ya cike waldar, ya goge, ya sa giris. Sakaci a nan yana iya jawo asarar rai, domin bonet ɗin da bai zauna daidai ba ba ya kama makullinsa sosai, iska na iya ɗaga shi ya rufe gilashi ana cikin gudu.

Takwarar sana'ar a Amurka

A kudancin Kalifoniya, cikin shekarun 1930, matasa sun riƙa sayen tsofaffin motocin Ford, su rage musu nauyi, su sa musu inji mai ƙarfi, su yi tsere a busassun tafkuna. Ana kiran irin wannan mota hot rod, an kuma fi son Ford ta 1932. Mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tserensu a 1951. Da yake babban inji ba ya shiga ƙarƙashin bonet na asali, wasunsu ma kan ƙera nasu hinjis. Dabarar ɗaya ce, dalili ne ya bambanta: can sha'awa ce, nan kuwa neman abinci.

Halin da ake ciki

Har yau yaro na koyon aikin ne a hannun maigida, daga miƙa sifana har ya iya riƙe walda. Rashin wutar lantarki na tilasta wa gareji dogaro da janareta, yawancin gwanaye kuma ba su da takardar shaida. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara haɗa kai da 'yan Fanteka don tantance ƙwarewarsu. Talata Mafara na da Kwalejin Abdu Gusau, ga kuma garejoji a gefenta. Ɗalibi ya iya zane da lissafi, mai walda ya san halin ƙarfe, kuma kowannensu na buƙatar abin da ke hannun ɗan'uwansa kafin sana'ar ta kai ga ƙera sassa masu awo ɗaya da za a sayar ko'ina.