Daga kaset zuwa faifan CD: lektar ta biya kuɗinta a Kore Mairuwa?

Shekaranjiya muna kwashe kaya a ɗakin ajiya munka ci karo da lektar uku jibge cikin ƙura, ba wadda ke tashi. Kusa da su akwai wata tsohuwar radiyo mai kaset. Munka sa mata pil, wallahi sai ga muryar Ɗan Anace. Abin da ya kawo wannan rubutu ke nan.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma shi ne ya haɗa kai da Sony sunka ƙera faifan CD, wanda na'urarsa ta farko ta shiga kasuwar Japan a watan Oktoban 1982. Amma mu nan Arewa wannan labarin nesa ne. Kaset muke ji, na Shata, na Ɗan Gurmu, na wa'azi, har da wanda ɗan ci-rani ke ɗaukar muryarsa ya aiko wa iyayensa maimakon wasiƙa. Da anka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan Turai sunka ƙara yi wa talaka nisa.

Fim ne ya shigo da faifai gidajenmu, ba kiɗa ba. Tsarin VCD ya fito a 1993, masana'antun Sin sunka cika duniya da lektar masu araha, ƴan fim ɗin Kano kuma sunka bar kaset ɗin bidiyo sannu a hankali sunka koma faifai. A shekarun 2000 kaya na tsallako iyaka daga Najeriya, wasu na sauka ta babbar hanyar Doso zuwa Dogondutsi. Kun tuna fim ɗaya faifai biyu? Dalili, faifan ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80.

To, ina matsalar take? Lektar ba ta taɓa faifai da allura. Wani ɗan ido ne ke haska shi da hasken leza, yana bin layin da ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba. An ƙera abin don ɗaki mai sanyi da rufaffiyar taga. Mu kuwa muna da hunturu da ƙurarsa, da zafin bazara, da wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi, ga gurup da batir na mota ga wanda layin kuran bai kai gare shi ba. Ƙura ta kwanta bisa idon, sai ka ga "No Disc" alhali faifai na ciki. A busa, a goge da bakin riga, a shafa man goge haƙori. Wata rana ta karanta, wata rana ta ƙiya, ana tsakar kallo hoto ya daskare, yara su yi ta ihu.

Kaset in ya tsinke, almakashi da ɗan salatif sun isa; daƙiƙa biyu ka rasa, waƙa ta ci gaba. Da biro muke mai da shi baya don kar pil ya ƙare. Faifai in ya karce da kyau, shi ke nan. In idon lektar ya mutu kuma, mai gyara zai lissafa maka kuɗin sabon ido da ladan hannunsa, ka ga gara ka ƙara kaɗan ka sayi sabuwa. Haka gidaje da yawa sunka sayi ta biyu, sunka sayi ta uku.

Amma mu yi mata adalci. Sautinta garau ne, ba ya shuu irin na kaset, kuma kwafi na goma daidai yake da na farko. A wurin aikinmu mun ji daɗin wannan: ka danna lamba bakwai, waƙa ta bakwai ta fito, ba sai mai saurare ya jira kana laluben zare ba. Masu gidan kallo ma sun ci riba, don kowane dare tana shigo da kuɗi kafin ta gaji. Mai gida da ya saya wa iyali, shi ne a ganinmu bai mai da kuɗinsa ba. Ba ta daɗe ba ma kart memwar da kile da salula sunka ture ta.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne abin da ke cikin faifan. A waɗannan shekaru an ɗauki bukukuwan aure, naɗin sarauta, kokowa, tafsirin malamanmu, an zuba bisa faifan da ake gasawa da kwamfuta. Irin wannan faifai wani sinadari ne a jikinsa, zafi da rana na cinye shi ko ba a taɓa shi ba. Wasu tsofaffin da ke magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su.

Wanda ke da irinsu cikin akwati, kar ya ajiye su a rana, kar ya goge su da ƙarfi. Ya nemi mai kwamfutar da har yanzu ke karanta faifai a kwafe masa bisa kile, a kuma ajiye kwafi na biyu wani wuri daban. Cikin faifai goma da munka gwada jiya, shida ne sunka buɗe.