Daga Ajin Dare zuwa Digirin Dokta: Tarihin Cibiyar Nazarin Al'adu ta Birmingham, 1964-2002

1. Gabatarwa

Jami'o'i da dama na duniya suna ba da digiri na biyu da na uku a fannin nazarin al'adu, wanda galibi ake haɗa shi da ra'in tarke, watau binciken da ke tambayar wa ke cin moriyar tsarin da jama'a ke zaune a kai. Wanda ya buɗe littattafan fannin ya ci karo da kalmomi masu nauyi, sai ya zaci a zauren masana falsafa aka haife shi. Wannan kasida za ta bi tarihin cibiyar da ta fara ba shi mazauni a jami'a, domin a ga cewa a ajin ilimin manya ya yi rarrafe, kuma tambayar da ya tashi da ita ta ma'aikatan yaƙi da jahilci ce.

2. Asali

Fannin yana da saiwa biyu. Ta farko tana Jamus, a Cibiyar Binciken Zamantakewa ta Frankfurt da aka kafa a 1923. A 1937 shugabanta Max Horkheimer ya raɗa wa ra'in tarke suna. Daga baya, suna gudun hijira a Amurka, shi da Theodor Adorno suka bayyana silima da rediyo a matsayin masana'anta mai dusashe tunanin jama'a.

Saiwa ta biyu tana Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, malamai uku suka shiga koyar da manya: Richard Hoggart a ƙarƙashin Jami'ar Hull daga 1946 zuwa 1959, Raymond Williams a ƙarƙashin Oxford, E. P. Thompson a ƙarƙashin Leeds. Ɗalibansu ma'aikata ne da matan gida masu zuwa aji bayan an tashi aiki. Irin wannan ɗalibi ba ya zama sai darasi ya taɓa rayuwarsa, saboda haka tilas malami ya fara daga abin da ɗalibi ya riga ya sani.

Daga nan ne littafin Hoggart, The Uses of Literacy, ya fito a 1957. Ma'anar sunan ita ce amfanin da ake yi da iya karatu. Tun 1880 aka tilasta karatun yara a Ingila, har kusan kowa ya iya karatu. Hoggart ya koma unguwar Hunslet ta Leeds inda ya tashi maraya, ya duba maganganun yau da kullum, da waƙoƙi, da mujallun da talaka ke saye, yana tambaya: an ba su karatu, to me suka yi da shi, me kuma ƴan kasuwar jarida suka yi da su? Da aka fassara littafin zuwa Faransanci a 1970 aka sa masa suna La Culture du pauvre, watau al'adar talaka. Zancen iya karatu ya ɓace daga bango, abin da kan sa mai karatu da Faransanci ya wuce shi bai san ya shafi aikin yaƙi da jahilci ba.

3. Kafuwar cibiya

Hoggart ya zama shehun malamin adabin Ingilishi a Jami'ar Birmingham a 1962, ya kafa cibiyar a 1964. Kuɗin somawa sun fito daga Allen Lane, mai kamfanin ɗab'i na Penguin, wanda Hoggart ya yi wa shaida a wata shari'ar littafi a 1960. Ɗaliban da suka riga suka sami digiri na farko kaɗai ake ɗauka. Mai bincike na farko da aka ɗauka aiki shi ne Stuart Hall, haifaffen Jamaika a 1932, wanda ya zo Oxford karatu a 1951. Da Hoggart ya koma hukumar UNESCO a Paris, inda ya riƙe muƙamin mataimakin babban darekta, ragama ta koma hannun Hall.

4. Tsarin karatu

Abin da ya bambanta cibiyar shi ne yadda ake karatu. Ɗalibai da malamai sukan kasu rukuni-rukuni, su karanta littafi tare, su yi gardama, su rubuta sakamako da sunan rukuni. Akan gurza takardun a inji a sayar da su da araha, kuma daga 1971 aka soma fitar da mujalla. A wannan zamani ne ra'o'in Faransa na Althusser da Barthes suka shigo, tare da rubuce-rubucen kurkuku na Antonio Gramsci na Italiya, waɗanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1971. Daga Gramsci suka ɗauki cewa mulki mai ɗorewa ba da sanda kaɗai yake tsayawa ba, sai ya sami yardar waɗanda ake mulka, kuma a fagen al'ada ake neman wannan yarda.

A 1973 Hall ya nuna cewa saƙon da gidan talabijin ya aika ba lalle shi ne mai kallo ya karɓa ba: yana iya yarda, ko ya yi ciniki da saƙon, ko ya juya masa baya. Wannan ya saɓa wa ganin mutanen Frankfurt. A 1977 Paul Willis ya wallafa bincikensa kan samari 12 ƴaƴan ma'aikata, ya nuna yadda raina makaranta da suke yi shi ne ke kai su aikin ƙarfi irin na iyayensu. Mata ɗalibai a 1978, da masu binciken wariyar launi a 1982, suka fitar da littattafan da suka tuhumi cibiyar kanta da mantawa da su.

Sai dai ci gaban ya zo da hasara. Harshen rubutu ya yi nauyi har ɗalibin ajin dare ba zai iya bi ba. Williams, kafin rasuwarsa a 1988, ya tunatar da masu fannin cewa daga ilimin manya suka fito. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

5. Rufewa

A 1979 Hall ya koma Buɗaɗɗiyar Jami'a, mai koyar da manya daga nesa. Daga baya aka mai da cibiyar sashe mai koyar da digiri na farko, kuma a 2002 jami'a ta rufe shi bayan tantance bincike na ƙasa na 2001. Hoggart da Hall duka sun rasu a 2014.

6. Kammalawa

Taron Bamako na 1966 ya daidaita mana haruffa, rahotanni kuma suna ƙidaya waɗanda suka ci jarrabawar yaƙi da jahilci. Tambayar Hoggart tana farawa ne daga inda ƙidaya ta tsaya: manomin da ya iya boko, me yake karantawa bayan an rufe aji? Takardar awo, ko wasiƙa, ko kuwa ya koma ajaminsa? Haka binciken Hall ya shafi duk mai shirya darasi ta rediyo. Shawararmu ita ce, ɗalibin da zai nemi babban digiri a wannan fanni ya fara zama a ajin manya, kuma ya rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausar da ƴan ajin za su karanta, su gyara masa.