Bango da Mai Zanensa: Nazarin Sana'ar Zanen Gida a Birnin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta dubi rayuwar mai zanen bango a birnin Katsina, tun daga magini mai aiki da laka har zuwa mai fenti na yau, sannan ta auna ta da ta Futura 2000, ɗan Amurkan da ya yi suna da zanen titi marar haruffa. Ta nuna cewa zanen da ba ya kwaikwayon surar wata halitta ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma inda sana'o'in biyu suka rabu shi ne wajen izinin bango da adana sunan mai aiki.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan nazarin adon gidajen Hausawa ya karkata ne ga Zariya da Kano. Anthony Kirk-Greene ya yi rubutu a kan gidajen Zariya a 1963, J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausa a 1985, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya sake komawa kan bangayen Zariya a 2007. Katsina ma tana da abin dubawa, domin Hasumiyar Gobarau da Gidan Korau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 duk shaida ne cewa laka ta samu gwanaye a garin.

2.0 Yadda ake zama mai zane

A da, mai zanen bango magini ne, gini kuwa gado ne. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da cuɗa ƙasa da miƙa tubali. Sai ya yi shekaru a hannun ubangidansa kafin a bar shi ya yi yaɓe, ado kuma shi ne na ƙarshe da ake sakar masa, don a fuskar zaure ake yin sa, inda kowa zai gani. Yana aiki ne tun lakar na da ɗanye, ya tayar da tudu da yatsunsa, ya bi layin har ya dawo inda ya faro. Ba takarda a gabansa. Tsarin yana cikin kansa, faɗin bangon ne ke gaya masa inda zai lanƙwasa.

Kayan aikinsa duk na gida ne: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin jima da dafara, sai farar ƙasa. Siffofin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Dagin da yake ɗorawa a bango shi ne a jikin riga da kayan dukanci, kuma ɗan'uwan zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani ne. Ƙyamar da Musulunci ya yi wa zana mai rai ta taimaka wajen karkatar da hannunsa ga layi da ƙulli da da'ira. A ganina wannan iyaka ƙara masa zurfi ta yi, domin wanda ba zai zana doki ba dole ya sa layi kaɗai ya ɗauki nauyin ƙawar.

Da siminti da fentin kanti suka yawaita a ƙarni na 20, sai aka koma karce zane a jikin siminti, aka cika shi da launuka masu haske. Keke da agogo da jirgin sama suka shiga tsakanin tsofaffin siffofi, kamar yadda aka gani a Zariya.

3.0 Futura 2000 da maginin Katsina

An haifi Leonard McGurr a birnin Niyok a 1955. Ya fara rubuta laƙabinsa, Futura 2000, a jiragen ƙasan birnin a farkon shekarun 1970, lokacin da burin kowane matashi mai gwangwanin feshi shi ne sunansa ya zaga gari. A 1980 ya rufe tarago guda da gajimaren launuka da siraran layuka, ya kusan watsar da haruffa ɗungurungum. A 1981 yana zane a kan dandamali yayin da ƙungiyar mawaƙa ta The Clash ke wasa, daga baya aikinsa ya shiga gidajen baje kolin zane.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, abin da Futura ya isa gare shi bayan shekaru wajen goma, wato barin harafi da sura, shi ne mafarin ɗan magini a Katsina. Amma Futura ya yi zanensa ba da izini ba, a kan abin da hukuma ta mallaka, shi ya sa sunansa ya zama jarinsa. Magini kuwa kiransa ake yi: za a yi aure, ko maigida ya dawo daga Makka, ko fatauci ya yi albarka. Yabo na maigida ne, mutane su ce gidan Alhaji wane ya yi kyau. Magina ƙalilan ne tarihi ya riƙe, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

4.0 Bangon Katsina a yau

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, bulo da kwano suke ta maye gurbin laka da azara a cikin ganuwa da wajenta. Wanda ya gaji bangon shi ne mai rubutun allon shago da zanen bayan manyan motoci, wanda lokacin zaɓe ne kakarsa. Shi ma injin buga ƙyallen talla ya rage masa ciniki. Dagi bai ɓace ba, ana ganinsa a ƙofofin gari da aka sabunta da gine-ginen hukuma, sai dai sau da yawa kwafi ne guda da ake maimaitawa, ba ya bin yanayin bangon.

Zanen laka yaɓe yake buƙata kafin kowace damina. In aka yi sake 'yan shekaru, ruwa ya wanke shi. Don haka aikin da ya fi gaggawa shi ne masu nazari a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da gidan tarihin da ke tsohuwar kwalejin su bi unguwannin cikin birni zaure zaure, su ɗauki hoton abin da ya rage, su tambayi dattawan kowane gida wane magini ne ya yi, kuma a hannun wa ya koya.