Yadda kwamfuta ta koyi gane an zare mata kebul

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Ka taɓa zare kebul ɗin intanet daga bayan kwamfuta, kafin ka ɗago kai har ta nuna babu haɗi? To, da can ba haka abin yake ba.

A 1973 Bob Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya. Kwamfutoci duka a jikin dogon kebul ɗaya suke rataye. In aka ji shiru, ko dai babu mai magana, ko kuma kebul ya katse. Kwamfuta ba ta ganewa sai ta tura saƙo ta ga bai isa ba.

A 1990 aka fito da tsarin 10BASE-T, kowace kwamfuta da nata kebul zuwa akwati na tsakiya. Dabarar ita ce, ko babu saƙo, kowane ɓangare yana aika ɗan bugun lantarki kusan duk milisakan 16, kamar bugun zuciya. In aka yi milisakan 50 zuwa 150 ba bugu ba saƙo, katin sadarwa ya san haɗi ya yanke. Sai 'yar fitilar nan ta mutu, direban katin ya sanar da babbar manhaja. Windows 2000 ta zo da Media Sense don wannan aikin. A Linux kuwa akwai fayil mai suna carrier, 1 na nufin akwai haɗi, 0 babu.

Amma fa ku lura, kebul ɗin da ke jikinta kaɗai kwamfuta ke ji. In matsalar tana can gaba da akwatin, fitila za ta ci gaba da haske abinta. Hatta ƙa'idar TCP ta 1989 cewa ta yi a jira aƙalla awa 2 ana shiru kafin a bincika ko ɗaya ɓangaren yana nan. Shi ya sa tun daga Windows Vista, kwamfuta kan ɗauko wani ɗan fayil daga sabar Microsoft ta tabbatar intanet ɗin na tafiya.

Saboda haka in fitila ta mutu, duba kebul ɗinka. In tana haske amma shafi ya ƙi buɗewa, bar kebul ya huta, nemi matsalar a gaba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.